Muryar Abba a Hannun Kamfani

Shafi na 17

Masu turo min saƙo cewa na bar ku tsaye a ƙofar asibiti, ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa cikin bokitin wanki. Ga Auta nan ta tashi daga aiki, mu bi ta.

*

Ƙafafun Auta zugi suke yi lokacin da ta fito. Tun safe take tsaye a ɗakin masu haihuwa, ko fararen kayan aikin ba ta samu ta canja ba, mayafi kawai ta yafa. Ta danna waya ta kira mota, ba a jima ba wata ƙaramar mota ta tsaya gabanta.

Ta shiga baya, ta jingina kai da gilashi, ta lumshe ido.

Sun wuce shataletale ke nan wayar direban, wadda ke maƙale a gaban mota, ta yi magana.

"Ka rage gudu kaɗan, akwai cunkoso a gaba. In ka isa mahaɗa, sai ka karkata hannun hagu."

Auta ta buɗe ido.

Ta san wannan muryar. Ta san yadda take jan "kaɗan", ta san ɗan numfashin da take saukewa kafin ta fara magana. Da ita ta tashi a gida, da ita duk garin ya tashi, don fiye da shekara talatin Abbanta ya yi yana karanta labarai a rediyo. Kuma shekara biyu ke nan da aka kai shi makwancinsa.

"Malam direba, wace tasha ka kama?"

"Ba rediyo ba ne, Sista. Taswira ce."

"Muryar wa ke nan?"

"Au, ba ki san Dattijo ba? Kamfani ne suka saka shi kwanan nan." Bai faɗi wane kamfani ba, ita ma ba ta tambaya ba. Yanzu in aka ce Kamfani kowa ya san wanda ake nufi. "A da wata mata ce mai magana ta hanci kamar mura ta kama ta, rabin abin da take faɗa ba na ganewa. Wannan kuwa ko rami ya ce in shiga sai na shiga."

Ya yi dariya shi kaɗai.

"Matata ma shi ke taya yara aikin makaranta. Jiya kuma ya kira ni ya ce in karɓi rance in canja tayoyi. Wallahi yadda ya lallashe ni sai na ji kamar kawuna ne ke ba ni shawara."

"Ka karɓa?"

"Na karɓa mana. Irin wannan muryar ai ba ta cuta."

Auta ta juya fuska wajen taga don kada ya ga idonta ta madubi.

"Don Allah na fasa zuwa gida. Layin masu gyaran waya za ka kai ni."

"Sai dai ki canja a wayarki, Sista. Ni ba ni da iko. In na kauce wa hanyar da ya ba ni, rage min taurarin yabo za su yi a manhaja, gobe in wuni ban ɗauki kowa ba."

Ta ciro wayar ta canja. Muryar Abba ta ce, cikin natsuwa:

"An sauya wurin zuwa. Ka juya in ka samu dama."

*

Ta tarar da Yaya a shagonsa, ya sunkuya ƙarƙashin fitilar tebur yana ɗaga gilashin wata waya da ɗan ƙarfe. Wayoyin mutane jere a kwali, kowace an ɗaure ta da roba. Fanka na juyawa tana ƙara.

Bai ɗago ba ya ce, "Auta, yau kuma nas ce da kanta a shagonmu? Wayar ce ko aljihun?"

"Yaya, na ji Abba a mota."

Ɗan ƙarfen ya tsaya a hannunsa.

Ya ajiye shi a hankali. Ya kashe fitila. Ya tashi ya saki labulen ƙofa, ya dawo ya jawo mata kujera.

"Zauna."

"Ba zan zauna ba. Ka sani ke nan."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"An kwana biyu, kuma kullum muna cin abinci kwano ɗaya, ba ka taɓa buɗe baki ba?"

"Me zan ce miki? In ce Auta, na ba da mahaifinmu?"

Sai ta zauna.

Ya shafa fuskarsa da hannu biyu.

"Kin tuna lokacin da idon Umma ya ƙara lalacewa bayan rasuwar? Ba ta iya karanta saƙo, ba ta gane sunan magani. Ke kina asibiti, ni ina nan. Sai na ga manhajar Kamfani mai karanta wa mutum komai. Suka ce za ka iya sa muryar wanda kake so, ka tura musu abin da kake da shi. Na kwashe tsofaffin kaset ɗin Abba, da saƙonnin muryar da ya bar mana, na tura."

"Wannan na sani. Ni ma na yi murna a lokacin. Amma na Umma ne ita kaɗai, haka ka ce mana."

"Haka na ɗauka. Akwai wani dogon rubutu da ya fito kafin a gama, ƙanana ƙanana kamar tururuwa. Na ja shi ƙasa na danna na amince. Kamar yadda nake danna wa masu kawo gyara kullum. Ke ma kina dannawa."

"Ni ban danna da muryar Abba ba."

"Gaskiya ne," ya ce. Bai kare kansa ba, kuma hakan ya fi mata ciwo.

Ta kalli wayoyin da ke kwali.

"Yaya, rance yake tallatawa. Abba fa. Mutumin da aka kora gida wata da watanni saboda ya ƙi karanta labarin da ya san ƙarya ne. Ka manta yadda yake zama a falo da rediyo a kashe? Ko tallar sabulu bai taɓa yarda ya yi ba. Ya ce mutane sun yarda da shi ne don bai taɓa sayar musu da komai ba. Yau direba ya ci bashi saboda ya ji kamar kawunsa ne ke magana."

"Kina tsammanin ban ji ba? Rabin wayoyin da ake kawo min, ina kunnawa shi ke gaishe ni."

"To me ka yi a kai?"

Ya yi wani murmushi marar daɗi.

"Na rubuta musu. Amsa ta dawo kafin in ɗauke yatsa, wai sun gode da na tuntuɓe su. Na sake rubutawa, amsar ɗaya ce. Sai na rufe shago na tafi ofishinsu. Kin san benen gilashin nan da ke bayan babban banki?"

"Na sani."

"Mai gadi ne kawai a ƙofa, shi ma ya ce wani kamfani ne daban ya ɗauke shi, bai taɓa ganin masu wurin ba. Ciki sanyi kamar firiji. Kujeru masu kyau, ba kowa a kai. Sai wani ƙaton allo a bango. Ina matsawa kusa ya haska."

Ya ɗauki ɗan ƙarfen yana jujjuya shi.

"Ya ce min, barka da zuwa, da me zan taimaka maka?"

"Da muryar..."

"Da ita. Na tsaya gaban bango, Auta, ina roƙon Abba ya maido min da muryar Abba. Na ce ni ɗansa ne. Ya ce ya fahimci damuwata, in zaɓi ɗaya daga cikin abubuwan da ke kan allo. Babu nawa a ciki. Na fito mai gadi na tambayata ko lafiya."

Fushin da Auta ta shigo da shi ya fara saki, wani abu mai nauyi ya zauna a madadinsa.

"Lauya fa?"

"Na je. Ya karanta, ya cire tabarau ya ce in dai shari'a ce sai a ƙasarsu, gaban alƙalan da su suka zaɓa. Na ce gwamnati fa? Ya yi dariya ya ce ita ma a na'urorinsu take ajiye takardunta, wa zai kama wa?"

"To mu rufe komai. Mu goge asusun, mu fita harkarsu."

"Mu fita mu je ina? Da manhajarsu ake biyana. A taswirarsu ake samun shagon nan. Ranar da na rufe, layin nan kamar ba ni a cikinsa. Ke a asibitinku ina ake ajiye bayanan marasa lafiya?"

Ta tuna allon da take dannawa duk safiya kafin ta taɓa kowace mai naƙuda.

"Kuma ko mun goge namu," ya ci gaba, "Dattijo na nan. Abin da kawai zai faru, Umma ce za ta rasa mai karanta mata sunan magani. Duk gari na jin sa, sai matarsa."

Fanka ta ci gaba da ƙara. A waje wani yana cinikin caja.

Can Auta ta ce, "Umma ta sani?"

"A'a. Shi ya sa nake kaffa-kaffa. Ba ta fita sai da ni, in mun shiga mota in ce direba ya kashe sauti."

"Ba za mu ci gaba da ɓoye mata ba. Mijinta ne kafin ya zama ubanmu. Gara ta ji daga bakinmu da ta ji a layin banki."

"Zuciyarta fa?"

"Ni ce nas. Tashi ka rufe shago."

*

Rana ta fara sanyi suka iso gida. Umma na zaune a falo kan kujerarta ta kusa da taga, tana ninke kayan wanki da lalube, wayarta a kan cinya. Tun daga takunsu ta gane su.

"Babban mutum da Auta tare, kuma tun rana ba ta faɗi ba? Ko dai wata ce ta amsa maka, ka zo da 'yar rakiya?"

Babu wanda ya yi dariya. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"To. Ku zauna."

Suka zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, kamar yadda suke yi tun suna yara. Yaya ya fara magana, yana tsayawa yana ci gaba. Ya faɗi kaset, ya faɗi abin da ya danna, ya faɗi allon bango. Auta ta ƙara da na direba. Idonta na kan ƙirjin Umma tana lura da numfashinta.

Umma ba ta katse su ba. Da suka gama ta ce:

"Shi ke nan?"

"Umma, ki yafe min," in ji Yaya. "Ni na jawo."

"Ai na daɗe da ji. Maƙwabciyarmu ta shigo rannan tana neman wani magani a wayarta, ya amsa mata a nan falon, a gabana. Ita ba ta lura ba. Ni kuwa ko cikin kasuwa ya yi tari zan gane shi."

"Kuma ba ki faɗa mana ba?" in ji Auta.

"Ku ma ai ba ku faɗa min ba. Kowa na tausayin kowa, gidan ya zama na kurame."

Ta miƙa hannu ta lalubo kan Yaya, ta dafa.

"Ɗago. Kana ta rama, na ɗauka ciwo ne, ashe wannan kake ɗauke da shi. Kana ganin 'yan kaset ɗin nan naka masu shuu ne suka koya masa cewa karkata hannun hagu? Ba kai ka ba su ba. Abbanku ne ya ba su, da ƙafarsa ya je."

Yaya ya ɗago kai.

"Abba?"

"Kun tuna shekararsa ta ƙarshe, da yake cewa zai je ganin likita, ya hana kowa raka shi? Ke har kika yi fushi, wai ga nas a gida ana wulaƙanta ta."

"Na tuna."

"Rabin zuwan ba asibiti ba ne. Wata yarinya ce ta zo nan, 'yar siririya mai tabarau, mai ladabi. Ta durƙusa nan inda kike. Ta ce Kamfani na son na'urorinsu su iya harshenmu yadda ya kamata, don makafi da tsofaffi da waɗanda ba su yi karatu ba su daina roƙon a karanta musu. Ta ce duk wanda ta tambaya, shi ake nuna mata. Da farko ya ƙi. Sai ya dube ni, lokacin idona ya fara tafiya. Bai ce komai ba, amma na san abin da ya gani."

Ta gyara zama.

"Ya yi ta zuwa yana karanta musu abin da suka ba shi, har muryar na dishewa. In ya dawo in dafa masa ruwan zafi. Yana jin daɗin abin, kada ku ɗauka tilasta shi aka yi. Ya ce min rediyo ta mutu ta bar shi, ga shi an ba shi wata."

"Me ya sa ya ɓoye mana?" in ji Yaya.

"Ya san za ku ce yana wahalar da kansa. Kuma yana so sai abin ya fito ya ba ku mamaki. Allah bai nufa ya gani ba."

Auta ta share ido da gefen mayafi.

"Amma Umma, Abba ba zai yarda a yi tallar bashi da shi ba."

"Bai yarda ba. Ranar ƙarshe ya sa yarinyar ta bar na'urar a kunne, ya faɗi sharuɗɗansa da bakinsa. Ban da talla, ban da bashi, ban da siyasa. Ya ce in sun karya, su maido masa da abinsa. Ta yi masa alkawari har da hawaye. Na yarda da gaske take. Sai dai ita ma 'yar aike ce. Wanda ya aiko ta bai taɓa zama a falon nan ba."

"Ke ba ya miki ciwo?" Auta ta tambaya a hankali. "Kullum yana miki magana a waya, kin san ba shi ba ne."

"Na san ba shi ba ne, ban haukace ba. Shi yana inda addu'a ce kawai ke isa. Wannan bai taɓa yi min gardama ba, Abbanku kuwa ko gishiri ne sai ya yi magana." Ta ɗan murmusa. "Amma in ya ce lokacin magani ya yi, ina sha. Abin da ke ba ni tsoro ke nan. Ni da na san komai ina bi, ina ga wanda bai sani ba?"

Yaya ya matso.

"Umma, wannan abin da ya faɗa ranar ƙarshe, in yana nan, lauya zai iya tsayawa a kai. Ina yarinyar take yanzu?"

"Ta kira ni da safe."

Su biyun suka kalli juna.

"Yau?"

"Yau ɗin nan. Muryarta na rawa. Ta ce ta ajiye aikin. Ta ce an gama magana da wasu manya masu shirin zaɓe, nan ba da jimawa ba Dattijo zai fara kiran mutane gida gida yana gaya musu wanda ya dace. Kowa da irin maganar da za ta shige shi, don sun san abin da kowa ke tsoro. Ta ce abin da Abbanku ya faɗa yana hannunta, ta fitar da shi kafin ta tafi, za ta kawo min da yamma."

"Yamma ai ta yi," in ji Yaya.

"Ta yi. Ita nake jira na ji takunku." Umma ta ɗan yamutsa fuska, kamar mai laluben wani abu a ka. "Akwai kuma abin da ta ce in kiyaye, ta maimaita shi har sau biyu. Tsufa... Yauwa. Ta ce kada in yi wannan maganar kusa da waya."



Auta ta sauke ido kan cinyar Umma. Yaya ma nan yake kallo. Wayar na nan kwance kan zanin da aka ninke, tun shigowarsu.

Yaya ya miƙa hannu zai ɗauka, kafin ya taɓa ta haska.

"Saƙo ya shigo daga baƙuwarki," in ji muryar Abba. "In karanta miki?"

Yaya ya girgiza kai, ya manta Umma ba ta gani.

"Karanta," in ji ta.

Suka ji ɗan numfashin nan da yake saukewa.

"Ki yi haƙuri. An dakatar da asusun wadda ta aiko wannan saƙo. Ba zan iya karanta miki shi ba."

Umma ta damƙe hannun Auta.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa, a hankali, irin ƙwanƙwasar wanda ba ya sauri. Wata muryar namiji da babu wanda ya sani a cikinsu ta yi sallama, ta ce:

"Don Allah nan ne gidan Dattijo?"